Maratayin M1907 na gaske ne, amma dillali ya cuce shi da mai

Kayan dai na gaske ne, ban ja ba. Maratayin bindiga ne na sojan Amurka, samfurin M1907 da ake ɗaura wa bindigogin Garand da Springfield. Faɗinsa inci ɗaya da kwata, fata biyu ce, doguwa da gajera, tambarin BOYT 43, wato sunan kamfanin da ya yi shi da shekarar 1943, ya fito sarai. Ƙugiyoyin na baƙin ƙarfe ne, ba tagulla irin ta 1918 ba, kuma hakan ya dace da shekarar.

Abin da ya ƙona min rai shi ne man da dillalin ya tsuma shi a ciki don ya yi sheƙi a hoto. Haba, Alhaji! Fatar da aka jeme shekara tamanin da suka wuce ba takalmin makaranta ba ce. Idan mai ya yi mata yawa sai jikinta ya saki, ta yi baƙi, ramukan ƙugiya su fara miƙewa, kuma daga nan take tsagewa. Ramuka uku sun riga sun buɗe baki. Sannan ya ƙulle shi a leda, ya aiko Agege a tsakiyar damina. Wanda ya san laimar Legas a watan Yuli ya san sauran labarin: farin fumfuna ya bi ɗinkin kaf, don maiƙon nan shi ne abincinsa.

Ana iya ceto shi, amma sai da haƙuri. A kaɗe fumfunan a waje da buroshi mai laushi, a goge da auduga da ɗan sifirit bayan an gwada a bayan fatar. A shimfiɗa shi tsakanin farar takarda, a danne, ana canza takardar har ta daina shan mai. Inuwa da fanka kawai, ban da rana. Wurin ajiya kuma laimarsa kada ta wuce kashi 65, da silika, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, a gefe.

Har na yi niyyar in ce a saya duk da haka, sai na duba zobban fata biyun da ke riƙe maratayin. Ɗaya sabo ne fil! Na kara wa silin zaren ɗinkinsa ashana, ya narke ya dunƙule, wato nailan ne, ba zaren asali ba. Dillalin bai faɗa ba, kuma kuɗin cikakken kaya ya karɓa. Kada wanda ya tura masa ko sisi sai ya ga hoton zobban biyu daga ciki.