Kafin ka saya wa tsohonka agogo ko kyamara

Mahaifiyata ta faɗi a banɗaki wajen ƙarfe 4 na asuba, tana shirin alwala. Gidanmu a Jidda hawa na uku ne, tayil ko'ina, kuma ba wanda ya ji motsinta sai da aka kira salla na tashi. Allah ya taƙaita, ƙugu bai karye ba. Tun ranar na shiga zagayen shagunan kayan lantarki irin Jarir da eXtra da saidaliyyoyi, wato shagunan magani, ina tambayar na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ake cewa suna tsare tsofaffi.

Agogo kowa ke fara ambata. Apple Watch, tun daga Series 4 na 2018, yana gane faɗuwa mai ƙarfi. Idan mutum ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai ya kira lambar gaggawa, ya kuma aika wa dangi saƙo da wurin da yake. Galaxy Watch na Samsung ma yana gane faɗuwa. Ban raina aikinsu ba. Sai dai na Apple ba ya tashi sai da iPhone, batirin yawancinsu kuma kamar kwana ɗaya yake yi, wato caji kullum. Abin da ya fi damuna shi ne alwala. Sau biyar a rana Hajiya za ta cire shi don ruwa ya game hannu, ta ajiye a bakin famfo, a daidai wurin da santsin yake. Ga dattijon da har yanzu yake fita kasuwa ko Harami da ƙafarsa, kuma ya saba da waya, agogo ya dace. Ga wadda yawancin wuninta tsakanin gado da darduma ne, na fi son maɓallin da ake ratayawa a wuya, mai layin waya a ciki. Dannawa ɗaya, ya kira ka. Ka tambayi mai shago ko ruwa na shigarsa, kwana nawa cajinsa ke yi, da ko akwai kuɗin wata.

Alexa, na'urar Amazon da ake ba umarni da baki, ta fara jin Larabci a Saudiyya a ƙarshen 2021, har da karin mutanen Khalij. Tana tuna wa mutum lokacin magani, tana kunna fitila da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, idan an haɗa su. Amma ba ta jin Hausa, Siri ta Apple ma haka. Tsohon da aka haifa a Makka ko Madina ba zai sha wahala ba. Wanda ya zo da girmansa daga Kano ko Sakkwato, a bar shi ya gwada ta da bakinsa kafin a biya.

Kyamara kuwa, a nan na fi daɗewa ina tunani. Tana da arha, Tapo da Ezviz sun cika kasuwa, kuma kana wurin aiki kana ganin gida a wayarka. Da na kawo maganar, Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a ɗakin da nake cire ɗankwalina?" Gaskiyarta. Uwa ba jaririya ba ce. Muka daidaita a kan ɗaya a baranda tana kallon ƙofar shiga, a ɗaki kuma ƙaramar na'urar da ke jin motsi kawai, ba hoto ba murya. Duk wanda ya sayi kyamara ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita a ranar.

Mai ciwon sukari, FreeStyle Libre mai auna sukari ana manna shi a dantse ya yi kwana 14, 'ya'ya ma suna iya ganin awon a wayoyinsu. A fara shawara da likita. Awon hawan jini na fi yarda da na'urar dantse irin Omron a kan agogo. Tsohon da mantuwa ta kama har yana fita ya ɓace, kada a dogara da AirTag, ɗan abin Apple na gano kayan da suka ɓata: ba shi da GPS, da wayoyin iPhone na kusa yake bayyana inda yake. A nemi mai GPS da layi.

Ni dai abin da na fara saya ba ya buƙatar intanet: fitilar dare mai kama kanta idan an motsa, daga gado zuwa banɗaki, ƙarfen riƙewa a bango, shimfiɗar roba mai hana santsi, da kujerar zama don alwala. Maɓallin wuya ya biyo baya. A jikin firij na rubuta 997 na motar asibiti da 937 na ma'aikatar lafiya da manyan lambobi, yadda jikokinta ma za su iya karantawa.