AlterBBN: ta iya saurin faɗaɗar sararin samaniya, amma a nukiliya sai ka sa hannu

Ga mai son gwada yadda sauya ƙayyadaddun adadin fiziks zai shafi sinadaran farko bayan Babbar Fashewa, manhajar AlterBBN wurin farawa ce mai kyau. Alexandre Arbey ne ya rubuta ta da yaren C, kyauta ce, ba kamar takwararta PRIMAT ta asali ba, da sai kana da manhajar Mathematica ta kuɗi. Ka sauke, ka harhaɗa da umarnin make, cikin ɗan lokaci ta ba ka hiliyum kusan 0.247 na nauyi, da ditiriyum (haidirojin mai nauyi) wajen 2.5 cikin 100,000 na haidirojin.

Inda ta fi burgewa shi ne saurin faɗaɗa. Niyutiron ya fi furoton nauyi da MeV 1.293 (MeV ma'aunin makamashi ne), kuma musayarsu, wato rikiɗar ɗaya zuwa ɗayan, takan tsaya ne da zafi ya sauko kusan MeV 0.8, ana da niyutiron 1 ga furoton 6. Kafin ditiriyum ya iya tsayuwa, wajen minti uku, ruɓewar niyutiron ta mai da shi 1 ga 7. Ƙara ƙarfin jan nauyi, wato G, sai faɗaɗa ta yi sauri, musayar ta tsaya da wuri, niyutiron da ya rage ya fi yawa, hiliyum ya ƙaru. Hanya mai sauƙi ta kwaikwayon wannan ita ce ƙara yawan nau'in niyutirino: ƙarin ɗaya yakan ɗaga hiliyum da kusan 0.013.

Matsalar tana gaba. Manhajar na karɓar tsawon rayuwar niyutiron, kusan daƙiƙa 879, a matsayin adadi mai zaman kansa, alhali yana rataye da bambancin nauyin nan, domin saurin ruɓewarsa yana tafiya kusan da bambancin nan a ninke a kansa sau biyar. Ka taɓa ɗaya ka bar ɗayan, za ta fitar da amsa tsaf, amma ta bogi. Haka ƙarfin da ke riƙe ditiriyum, MeV 2.22, da ƙarfin lantarki tsakanin ƙwayoyin nukiliya: suna binne cikin lissafin saurin kowace haɗuwa, sai ka bi su layi-layi ka gyara. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan litiyum-7 yake, wanda hasashe ya ninka abin da ake gani a tsoffin taurari sau uku zuwa huɗu, kuma galibinsa daga beriliyum-7 yake samuwa.

A kula da saitin failsafe, mai zaɓar tsaurin lissafi. Mafi sauri na gwaji ne kawai; adadin da za a wallafa, a sake lissafa shi da saiti mai tsauri, a gwada da sakamakon PArthENoPE, wata manhaja mai irin wannan aiki.