Ajin Turanci na dare a Aziziyya: ya ci kuɗinsa, amma da gyara

Duk Bahaushen da ke aikin otal a Makka ya san Larabci kaɗai ba ya isa, musamman lokacin Hajji da Umarar azumi, da baƙi daga Malesiya, Pakistan da Birtaniya ke cika gari. Abin da ya kai ni wani aji na bayan Isha'i ke nan a unguwar Aziziyya, wajen wani malami ɗan Sudan. Zangonmu kan abu biyu ne: isar da maganar wani, da jimlar sharaɗi.

Na farkon ya fi amfanata, don shi ne aikina kullum: baƙo ya faɗa mini, in kai wa manaja. Mu a Hausa "ya ce ya gaji" ta wadatar. Turanci kuwa sai an ja aikatau baya taki ɗaya: "I am tired" ta koma "He said he was tired", will ta koma would. Tambaya ta fi wuya. Hajiya ta ce "Where is my passport?", kai kuma ka ce "She asked where her passport was", was ta koma ƙarshe, alamar tambaya ta faɗi. Malam yakan raba mu uku-uku, baƙo da ma'aikaci da manaja, a yi ta kai saƙo har baki ya saba. Wallahi wannan dabarar tasa ta yi.

A sharaɗi ma ya fara da kyau. Abin da zai iya faruwa: "If you take the Haramain train, you will reach Madinah today", tare da gargaɗin kada a sa will a ɓangaren if. Sai abin da babu shi: "If I had a room, I would give it to you". Siffar had ta abin da ya wuce ce, amma maganar yanzu ake yi, ɗakin ne babu. Na uku, na "da na sani", wato had da would have, a dare ɗaya ya tattara shi, ba ko aikin gida. Wannan ya yi mini ciwo, don shi ake buƙata wajen ba baƙo haƙuri.

Sannan bayani duk da Larabci ne. Haifaffun nan ba su da matsala, amma 'yan'uwa sababbin zuwa daga Kano ko Maraɗi sai kallo. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, ya nemi ɗan gari ya zauna kusa da shi tun daren farko.