Kafin ka biya kuɗin wata: wace tashar labaran kasuwanci za ta amfane ka?

Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, duk wanda kayansa ke shigowa daga waje ya koma mai bin labarin dala ko ya so ko bai so ba. Ni shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma ba a mako guda wani maƙwabcin shago bai tambaye ni tashar da nake kallo ba kafin in yanke shawarar yin odar kaya. Amsata ba ta canzawa: CNBC Africa.

Abu na farko da nake dubawa a kowace tasha shi ne mai ita, domin wanda ke biyan albashi shi ke da ta cewa. Uwar gidan, wato CNBC ta Amurka, ta fara aiki a watan Afrilun 1989, a 1991 kuma ta haɗiye abokiyar hamayyarta, tashar labaran kuɗi ta FNN, bayan wannan ta faɗa matsalar kuɗi. Ta daɗe a hannun NBC da Comcast, har zuwa ƙarshen 2024 da Comcast ta sanar za ta ware ta tare da wasu tashoshi zuwa wani sabon kamfani, wanda daga baya aka raɗa wa suna Versant. Amma CNBC Africa ba reshe ba ce kai tsaye, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Kamfanin ABN ne ke da ita, wanda Zafar Siddiqi da Rakesh Wahi suka kafa, suka karɓi lasisin amfani da sunan, suka buɗe ta ranar 1 ga Yunin 2007 daga Johannesburg. Su ne kuma ke buga mujallar Forbes Africa. Wannan tsari ya yi mini, don masu ita a wannan nahiyar suke neman abincinsu, dole su yi maganar da ta shafe mu. Suna da ofishi a Legas da Nairobi.

Shirye-shiryen da suka sa na riƙe ta su ne na yankinmu, Power Lunch West Africa da Closing Bell West Africa. A nan ake zama da masana daga Legas a tattauna yadda kasuwar hannun jari ta NGX ta tashi ta kwanta, da abin da alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ke nufi. Ranar da kwamitin Babban Banki ya gama zama, Gwamna Olayemi Cardoso ya sanar da sabon kuɗin ruwa, za ka ji an warware maka ko hakan zai matse naira a hannun bankuna, da yadda zai taɓa farashin canji. Abin da na ji a wurinsu da rana, sau da yawa shi nake tararwa a bakin 'yan canji na Wapa bayan kwana ɗaya ko biyu. Har sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, suna magana a kai idan lokacinsa ya zo, wanda ga masu gudun kuɗin ruwa irina ba ƙaramin abu ba ne. Laifin tashar biyu ne: komai da Turanci ne, sannan Afirka ta Kudu tana cin lokaci mai yawa. Da yamma kuma ana haɗa ka da shirye-shiryen Amurka, daidai lokacin da kasuwar New York ke buɗewa, wato biyu da rabi ko uku da rabi agogonmu, gwargwadon lokacin shekara. A DStv tana lamba 410.

Kusa da ita a 411 akwai Bloomberg, ta attajiri Michael Bloomberg tsohon magajin garin New York, wadda ta fara a 1994. Alƙalumanta ba a ja da su, musamman farashin ɗanyen mai da zinari, amma da ma'aikatan manyan bankunan duniya take magana, kuma tana da abin kallo kyauta a YouTube, to ban ga dalilin ƙara kuɗi dominta ba. Fox Business ta iyalin Murdoch siyasar Amurka ta fi yawa a cikinta. Na gida kuwa, Business Morning na Channels da sashen kasuwanci na Arise suna ƙoƙari, sai dai da zarar siyasa ta yi zafi kasuwanci ke komawa gefe.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Shekarun baya aka turo mini wani bidiyo a WhatsApp, da tambarin wata babbar tashar kasuwanci a kusurwa, da rubutu yana gudu a ƙasa, ana hira da wani sanye da kwat yana bayanin wani dandalin zuba jari da ke ninka kuɗi cikin wata guda. Na yarda saboda tambarin. Kuɗin da na ware don kayan sallah na zuba, ko kwabo bai dawo ba. Sai daga baya na gano tashar ba ta taɓa yin wannan hirar ba, yanka aka yi aka liƙa. Matata ta sayar da 'yan kunnenta kafin muka cike giɓin, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

A yau abin ya fi muni, domin da ƙirƙirarriyar basira ana ɗora wa mutum muryar da ba tasa ba. An yi wa Alhaji Aliko Dangote haka, an yi wa masu karanta labarai sanannu. Jama'a ba su gama mantawa da MMM, dandalin nan mai alkawarin riba mai tsoka, da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016 ba, sai ga wata irinta mai suna CBEX ta rushe a Afrilun 2025 da dukiyar bayin Allah. Don Allah, duk bidiyon da ya zo maka ta WhatsApp ko Telegram ko tallan Facebook, je ka shafin tashar na gaskiya ka neme shi. In babu shi a can, ƙarya ce. Ka lura da laɓɓan mai magana ko suna tafiya da muryar. Ka duba adireshin intanet harafi bayan harafi, don sukan sauya ɗaya kacal. Babu tashar kirki da za ta ba ka lambar asusu, ko ta saka ka a wani zaure na musamman, ko ta ce gurbi ya kusa cika. Kafin ka ba kowane kamfani sisi, ka nemi sunansa a jerin waɗanda hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta yi wa rajista, kuma ka sani takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kaɗai ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce.

Ko a tashar gaskiyar ma, ka bambance labari da shirin da wani kamfani ya ɗauki nauyi, ka kuma tuna mai sharhi ra'ayinsa yake faɗa. A Maris 2008 Jim Cramer na shirin Mad Money a CNBC ya kwantar wa mai tambaya hankali game da bankin Bear Stearns, cikin kwanaki kaɗan aka sayar da bankin ga JPMorgan a farashin wulaƙanci. Ya ce kuɗin ajiya yake nufi ba hannun jari ba, amma da yawa ba haka suka fahimta ba.

Idan za ka biya saboda CNBC Africa, ka sa dillalin ya nuna maka jerin tashoshin kunshin da kake so kafin ka miƙa kuɗi, don ba kowane ƙaramin kunshi ke ɗauke da ita ba, kuma akan sauya jerin.