Motar Amurka ko ta Japan: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Wanda ya zagaya wuraren dillalan tokumbo a Kano ko Kaduna yakan tarar Chevrolet Malibu ko Ford Fusion ta fi Toyota Camry sa'arta araha, wani lokaci da tazara mai yawa. Wannan tazarar ta samo asali ne daga yadda shugabannin kamfanonin suka tafiyar da harkokinsu, kuma mai saye yana da bukatar sanin hakan domin shi ne zai ɗauki ɗawainiyar gyara.

Lokacin da man fetur ya yi tsada a 1973, kamfanonin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, suna ƙera manyan motoci masu shan mai, sai Toyota da Honda da Datsun suka samu karɓuwa a kasuwar Amurka da ƙanana masu ƙarko. Roger Smith, wanda ya shugabanci General Motors (GM) daga 1981 zuwa 1990, ya ɗauka cewa na'urori ne sirrin Japanawa, don haka ya zuba biliyoyin daloli wajen sayen mutum-mutumin masana'anta, amma kason kamfanin a kasuwar Amurka ya faɗo daga kusan kashi 45 cikin ɗari zuwa kusan 35. Abin takaicin shi ne amsar tana cikin gidansa. A 1984 GM da Toyota sun buɗe masana'antar haɗin gwiwa ta NUMMI a Fremont, jihar Kalifoniya, inda aka dawo da yawancin ma'aikatan da GM ta sallama, aka ba kowanensu ikon tsayar da layin haɗa mota idan ya ga kuskure, kuma ingancin motocin ya kusa kamo na Japan. GM ta yi jinkirin yaɗa wannan tsari, har ta kai ga durƙushewa a 2009 tare da Chrysler, sannan ta rufe Pontiac da Saturn.

Ga mai saye, wannan yana nufin a yi taka-tsantsan da motar da aka daina ƙerawa, domin samun safayarta a Ƙofar Ruwa ko Panteka yana da wuya, alhali kayan Corolla da Camry da Accord kusan kowane shago yana da su, kuma makanikai sun san cikinsu. Akwai kuma samfuran da tarihinsu ya isa gargaɗi: Chevrolet Cobalt, wadda matsalar makunninta ta sa GM ta janye motoci kusan miliyan 2.6 domin gyara a 2014 bayan shekaru ana sane da lahanin a cikin kamfanin, da Ford Focus mai giyar atomatik ta PowerShift daga 2012, wadda ta yi ƙaurin suna wajen karkarwa.

Sai dai sunan Japan ma bai isa a rufe ido ba. Nissan Altima da Sentra masu giyar atomatik nau'in CVT sun jawo ƙorafi mai yawa, kuma ni dai ba zan ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar sayensu ba, saboda gyaran wannan giyar yakan kai ga sauya ta gaba ɗaya. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu an san wasunta da shan baƙin mai. Mafi hatsari ita ce jakar iska mai kare mutum lokacin haɗari ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima kan lalata sinadarinta har ta fashe da gutsattsarin ƙarfe. An saka ta a miliyoyin motoci, Honda na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma motoci da dama sun bar Amurka ba tare da an sauya musu ita ba.

Inda motar Amurka ta fi ƙarfi shi ne manyan motocin ɗaukar kaya irin Ford F-150, ga wanda ke da makanike ƙwararre da kuɗin mai. Don zirga-zirgar iyali ko haya, Corolla ce ta fi sauƙin riƙo da saurin sayarwa.

Kafin a biya, a kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Idan ta fara da J an ƙera motar a Japan, idan 1 ko 4 ko 5 ce a Amurka, ko da sunan kamfanin na Japan ne, domin Honda tana ƙera Accord a Ohio tun 1982, Toyota kuma Camry a Kentucky tun 1988. Shigar da lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, zai nuna kyauta ko akwai gyaran janyewa da ba a yi wa motar ba.