Wasiƙa daga Liyon zuwa Tawa kan allurar ƙwayoyin asali da garkar Baba

Yaya Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara, da fatan kuma Inna ta samu sauƙin gwiwoyinta, ina sanar da kai cewa na kalli bidiyon da ka turo mini ta WhatsApp kan allurar ƙwayoyin asali da aka ce tana maganin ƙiba, na kuma saurari saƙon muryarka har sau uku. Na jinkirta amsa ne domin ban so in yanke hukunci da ka, tun da maganar ta kai ga sayar da garkar albasar da Baba ya bar mana. Mako biyu na ɗauka ina tambaya.

Na fara da kiran lambar da ke ƙarƙashin bidiyon, wadda ta wani asibitin kuɗi ce a Istambul. Wata mata ta ɗauka, da Faransancinta mai daɗi, ta yi mini bayani cewa za a zuƙo kitse kaɗan daga tumbinka, a juya shi cikin na'ura a ware ƙwayoyin asali, wato waɗanda jiki ke sabunta sassansa da su, sannan a mayar maka da su ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Kuɗin aikin Yuro 12,000, kusan miliyan 8 ke nan na sefa, har da kwana biyar a otal da motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ta nemi hoton fasfonka tun kafin ta nemi takardar awon jininka. Da na tambaye ta wace hukumar magunguna ce ta amince da wannan allura a matsayin maganin ƙiba, sai ta turo mini bidiyon mutane suna godiya. Da na tambayi wanda zai duba ka bayan ka koma Tawa, sai ta ce za a riƙa gaisawa ta waya. Daga ranar zuwa yau sau huɗu ta kira ni, kowane kira da rangwame idan na ba da kafin alƙalami kafin ƙarshen wata, irin dai yadda dillalan kasuwar dabbobi ke matsa wa mai saye idan sun san ragon yana da aibi.

Daga nan na kai maganar wurin likitata, wadda ke bibiyata tun shekara uku da suka wuce, lokacin da aka auna sugana da azumi aka samu giram 1.18 a lita, wato ina dab da kamuwa da ciwon suga, ina da kilo 104. Ban taɓa gaya muku wannan ba don kada hankalin Inna ya tashi. Ciwona da naka iri ɗaya ne, sai dai naka ya yi gaba. Insulin, wanda wata tsoka da ke bayan tumbi mai suna pankiriyas ke fitarwa, shi ne mai sallama a ƙofar tsokoki da hanta domin su buɗe su karɓi sugan da ke yawo cikin jini. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, sai mutanen gida su yi kunnen uwar shegu, mai sallama ya yi ta ɗaga murya shekara da shekaru har muryar ta dishe, a nan ne ciwon suga ke bayyana sosai. Baƙin nan mai kauri da ke bayan wuyanka, wanda Hajiya ta sha dirje maka da soso tana cewa dauɗa ce, likitar ta nuna mini irinsa a nawa wuyan, ta ce alamar yawan insulin ce a jini.

Game da ƙwayoyin asali, ba ta ce ƙarya ne gaba ɗaya ba, kuma ni ma ba zan ce haka ba. An daɗe ana dashen ɓargo ga masu sankarar jini da wasu masu amosanin jini, kuma wannan aikin ƙwayoyin asali ne na gaskiya. A shekarar 2025 kamfanin Vertex na Amurka ya bayyana cewa cikin mutum 12 da aka dasa wa ƙwayoyin da ke fitar da insulin, waɗanda aka raina daga ƙwayoyin asali, 10 sun daina yin allurar insulin bayan shekara guda. Amma waɗannan masu ciwon suga nau'i na ɗaya ne, waɗanda jikinsu ba ya yin insulin ko kaɗan, kuma dole su riƙa shan maganin danne garkuwar jiki don kada jikin ya kashe abin da aka dasa. Kai kuwa insulin ɗinka yana nan, sauraronsa ne ba a yi. Abin da aka gwada kan ƙiba da irin wannan taurin kan jiki, mafi yawansa a kan ɓeraye ne da ƴan mutane kaɗan na ɗan lokaci, kuma babu hukumar magunguna a Turai ko Amurka da ta amince da shi. A Faransa ba za ka samu asibitin gwamnati da zai yi maka ita a matsayin maganin teɓa ba. Cewa kitsen jikinka ne, don haka ba zai cuce ka ba, ita ma magana ce mara tushe, domin a 2017 likitoci sun ba da labarin mata uku a jihar Fulorida da ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance ɗungum, bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido.

Ka tambaye ni abin da Turai ta fi mu da shi a wannan fanni. Bibiya ce, Yaya. Ganin likita a nan Yuro 30 ne, kusan jaka 20, kuma inshorar gwamnati na mayar da mafi yawansa, wanda aka tabbatar yana da ciwon suga kuwa ana sa shi cikin masu doguwar jinya, a ɗauke masa nauyin magani da awo. Duk wata uku ana yi masa wani awon jini da ke nuna matsakaicin sugan watannin, duk shekara a duba ƙoda da ƙafafu, a kai shi wurin likitan ido. Maganin da suke fara ba shi kuwa metformin ne, wanda wani likitan Faransa ya fara amfani da shi tun 1957, kuma shi ne dai wanda ke kan kantar farmasin Tawa, wanda ka sha na wata biyu ka ajiye don ka ji sauƙi. Ban ga bambanci tsakanin ƙwayarsu da tamu ba. Bambancin shi ne a nan idan ka ajiye, akwai mai tambayar ka dalili.

Akwai sabon abu na gaskiya da ba mu da shi a wadace, wato allurar mako-mako irin su Wegovy, wadda gwajin da aka buga a 2021 ya nuna tana rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyin mutum a mako 68. Lokacin da aka fara sayar da ita a Faransa a watan Oktoban 2024, kuɗinta ya kai wajen Yuro 300 a wata, kusan jaka 200, kuma a lokacin mai saye ne ke biya daga aljihunsa. Waɗanda suka daina yi, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo cikin shekara. Tana kuma buƙatar sanyin firiji, kai ka san halin wutarmu a watan Afrilu da Mayu. Idan wani ya kawo maka ita a jaka daga Dubai ko Legas, kada ka taɓa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 kan jabun irinta da aka kama har a Ingila da Amurka.

Inda muka fi su kuwa ya ba ni dariya da takaici. Da likitar ta rubuta mini abin da zan riƙa ci, sai na ga gero da wake da ganye da kuɓewa, abincin da muka raina muka koma wa farar shinkafa da taliya da lemon kwalba. A shagunan ƴan Afirka na unguwar Giyotiyar nake sayen gero a ƴar leda da kuɗin da zai cika maka tiya da yawa a kasuwar Tawa, garin zogale kuwa a kwalba ake sayar da shi kamar turare. Mutane na biyan kuɗi duk wata domin su yi tafiya a kan inji, kai kuma daga gida zuwa masallacin da ke bayan layi sai ka hau babur. A Amurka an bi mutum fiye da 3,000 masu irin matsalata, aka samu a 2002 cewa rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da tafiyar minti 150 a mako sun rage faɗawa ciwon suga da kashi 58, metformin kuma da kashi 31. A Birtaniya, a 2017, cikin masu ciwon da suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Na san a wurinmu teɓa rufin asiri ce, kuma idan Alhaji ya rame za a fara cewa ko kasuwa ta karye. Ni kilo 13 na zubar, kuma har yanzu ƴan'uwa na tambaya ko biɗa ta yi mini ɗaci. Shayin fada ne ya fi ba ni wuya: zagaye uku, kowane da sukarin da cokali ke iya tsayawa a ciki.

Wani ɗan garinmu zai sauka Yamai ranar 20 ga wata, na ba shi na'urar awon suga da tsinkenta na wata uku, zai sa maka a motar Tawa. Ina roƙon ka, da girman Allah da girman Inna, ka koma asibiti a auna maka sugan azumi da na wata uku da ƙoda, ka nuna wa likita sauran maganin da ka ajiye kafin ka sake sha, sannan ka turo mini hoton takardun. Kuɗin awo da na magani na shekara guda suna wuyana. Batun garka kuwa, ka yi haƙuri da ƙaninka, ba zan sa hannu a takardar sayarwa ba.

A gaida Inna da Hajiya da yara.

Ƙaninka.