Wata uku ina aiki da help2man, manhajar samar da shafin jagora: abin da ya yi min da abin da ya bar min

Wata Alhamis bayan la'asar yaron da nake koya wa aiki ya bugo min waya daga Kantin Kwari. Yana shagon wani mai atamfa da muke yi wa hidimar kwamfuta, lissafin cinikin ranar ya ƙi tafiya, mai shagon kuma yana tsaye a kansa yana jira ya kulle. Ya ce, "Malam, na buga umarnin yadda yake a takarda, har sau uku, yana ce min bai san wannan zaɓin ba." Na ce ya karanto min abin da ya buga. Yana kaiwa kan --sake na gane inda gizo ke saƙa. Mako biyu kafin nan na sauya sunan zaɓin zuwa --maimaita a cikin manhajar, takardar bayanin da ke hannunsa kuwa tana nan da tsohon suna. Yaron bai yi kuskuren komai ba. Takardar ce ta yi masa ƙarya, ni kuma na rubuta ta.

Manhajar ƙarama ce, mun sa mata suna aika. Da Python na rubuta ta, aikinta ta tattara fayilolin lissafi daga kwamfutar shago ta miƙa wa curl, manhajar aika bayanai da karɓo su ta intanet, shi kuma ya kai su babbar kwamfutar ajiyar mai dukiya. Idan sabis ya yanke tana jira ta sake gwadawa, domin duk wanda ya yi aiki a cikin layukan Kwari ko Singa ya san yadda sabis ke ɗaukewa idan kasuwa ta cika. Wannan ne ma ya sa nake ganin shafin jagora na man, wato bayanin amfani da manhaja da ke ajiye a cikin kwamfutar kanta, ba kayan ado ba ne a wajenmu. Lokacin da mutum ya fi bukatar bayani shi ne lokacin da ba shi da intanet ɗin da zai nemo bayanin. Abin da ke cikin kwamfutar shi kaɗai zai cece shi. Tsarin nan tsoho ne, tun Nuwambar 1971 da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagora na farko na tsarin kwamfuta na Unix, kuma har yau mutum zai buga man da sunan umarni a baƙin allo ya samu amsa ba tare da ya ƙona data ko ta sisin kwabo ba.

Da na fara neman mafita, wajen curl na fara leƙawa, tunda shi nake ɗora wa kaya kullum. Daniel Stenberg, mutumin Suwidin da ke jagorantarsa tun kafin a raɗa masa sunan curl a 1998, shi da abokan aikinsa ba sa rubuta shafin jagorar a matsayin dogon fayil guda. Zaɓuɓɓukan curl sun haura 250, kowanne da ɗan fayil ɗinsa a cikin docs/cmdline-opts. A saman fayil ɗin akwai dogon sunan zaɓin da gajerensa, da sigar da aka fara saka shi, da zaɓuɓɓukan da ke da dangantaka da shi, da misalin amfani. A 2024 suka mayar da fayilolin zuwa salon rubutu mai sauƙi na Markdown, wani rubutun harshen kwamfuta na Perl mai suna managen ne ke haɗa su ya fitar da shafin. Abin da ya fi burge ni ba haɗawar ba ce. A cikin gwaje-gwajensu akwai wanda ke duba cewa duk zaɓin da manhajar ta sani yana cikin jagora, akwai kuma masu gwada shi kansa managen. Wato ba su yarda da na'urar da suka ƙera da hannunsu ba sai sun auna ta.

Ni kuwa zaɓuɓɓukana goma sha huɗu ne kacal. Ɗaukar wancan tsarin dungurungum ya yi min yawa, kamar a yi hayar tirela don buhu ɗaya na gero daga Dawanau. Shi ya sa na koma kan help2man, ƙaramar manhajar GNU wadda Brendan O'Dea ya rubuta da Perl. Dabararta mai sauƙi ce: tana kiran manhajarka da --help, ta sake kiran ta da --version, ta ɗauki abin da ya fito ta zuba shi a tsarin rubutun roff wanda man ke karantawa. Idan ka sauya sunan zaɓi a cikin manhaja, saƙon taimako ya sauya, shafin jagora ya biyo baya. Ainihin ciwon da ya kama mu a Kwari ke nan, kuma ta wannan fuskar ta warkar da shi sarai.

Girka ta bai ɗauke ni minti biyu ba a Debian, nau'in Linux da nake amfani da shi. Gwajin farko ya fitar da shafi, na buɗe shi da man -l, sai ga zaɓuɓɓukana a jere da baƙin rubutu mai kauri, gwanin sha'awa. Na ji daɗi ƙwarai a wannan daren. Washegari da na zauna na karanta shi layi-layi ne na ga aikin da ya rage.

A sashen suna, idan ba ka ba ta -n da gajeren bayani ba, abin da take rubutawa da Turanci shi ne "wannan shafin jagorar manhaja kaza ne, siga kaza". Wannan layin shi ne abin da umarnin neman shafi, apropos da whatis, ke nuna wa mai bincike, don haka wanda ya nemi kalmar "lissafi" ba zai taɓa cin karo da aika ba. A ƙasan shafin kuma tana ƙara sakin layi da ke tura mai karatu zuwa cikakken bayani a Texinfo, wani tsarin jagora na daban, wanda ni ban da shi, sai ka sa -N take bari. Waɗannan biyun gyaran minti biyar ne. Haka ma batun tazara: tana son aƙalla gurbi biyu tsakanin zaɓi da bayaninsa, in ka bar ɗaya sai ta cakuɗa su.

Inda na daɗe shi ne wajen Hausa. Saƙon taimakon aika da Hausa na rubuta shi, saboda masu amfani da shi yaran shago ne da masu kula da lissafi, da yawansu Hausa ta fi zauna musu. help2man tana gane sassan saƙo ne ta wasu kalmomi da take tsammani, irin su Usage da Options da Examples. Ni kuma na rubuta "Amfani:" a layin farko. Ba ta gane shi ba, sai ta jefa layin cikin bayani na gama-gari, shafin ya fito babu sashen taƙaitaccen tsarin umarni. Na yi kwana biyu ina juya abin a raina, domin ban so in mayar da saƙon Turanci don in faranta wa na'ura. Daga ƙarshe na bar Hausata yadda take, na rubuta wannan sashen da hannu a fayil ɗin ƙari da ake ba ta da -i. Ya yi aiki. Amma duk abin da ka rubuta da hannu ya fita daga kariyar da ka zo nema tun farko, zai iya tsufa ya koma ƙarya kamar waccan takardar.

Fayil ɗin ƙarin nan shi ya koya min darasin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Abin da ka zuba a cikinsa roff ne tsantsa, ana wucewa da shi yadda yake. A roff kuwa, duk layin da ya fara da ɗigo ko da alamar ɗauri ta sama, wato ('), umarni ne ga na'ura, ba rubutun karantawa ba. To mu Hausawa da me muke fara 'yan da 'ya'ya? Na rubuta gargaɗi cewa kada a goge fayilolin da ba su gama tafiya ba, wani layi a ciki ya fara da "'yan fayilolin da suka rage". Layin ya ɓace ɓat daga shafin. Babu ƙara, babu kuka, shafin ya buɗe lafiya ƙalau, jimlar dai ta yanke a tsakiya, gargaɗin ya rasa ma'ana. Ban lura ba sai da yaron nan ya karanta ya ce, "Malam, nan kamar akwai maganar da aka haɗiye." Da na bi shafin da groff, manhajar da ke sarrafa roff, na sa masa -ww don ya nuna duk gargaɗi, sai ga ƙorafin a fili, wai bai san wani umarni mai suna yan ba. Maganinsa shi ne a sa \& a farkon layin, ko a rubuta ƴ mai lanƙwasa. Na zaɓi ƴ. Su ma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna da nasu sharaɗin: idan ka kira groff kai tsaye ba ka sa masa -k ba, ba ya ɗaukar rubutun a matsayin UTF-8, tsarin da ke ɗauke da irin waɗannan haruffa, sai su fito a wargaje.

Akwai kuma maganar ɗan layin da ke gaban zaɓi. A roff, - da \- ba abu ɗaya ba ne. Na farko karan haɗa kalma ne, na biyu shi ne wanda ake bugawa a umarni. Da groff 1.23 ya fito a 2023, bambancin ya bayyana a allon mutane da yawa, har Debian ta mayar da tsohon hali a nata ƙunshin. A ido kusan iri ɗaya ne, amma wanda ya kwafo misali daga shafi ya liƙa a baƙin allo zai ga umarnin ya ƙi. A nan dole in yaba wa help2man, duk zaɓin da ta ɗauko daga saƙon taimako tana rubuta shi daidai. Misalan da na rubuta da hannuna ne na koma na bi ɗaya bayan ɗaya na gyara.

Bayan waɗannan ne na zauna na rubuta gwaji, kuma shi ne ya ci mafi yawan lokacina, ba samar da shafin ba. Gwajin yana tambayar manhajar jerin zaɓuɓɓukan da ta sani, ya nemi kowanne a cikin shafin, sannan ya juya ya tabbatar babu zaɓin da shafin ya ambata wanda manhajar ba ta sani ba. Wannan juyin na biyu shi ne mai tsaron sassan da na rubuta da hannu. Yana bi da shafin ta groff -ww da mandoc -T lint, wani mai binciken kurakuran shafin jagora, in ɗayansu ya yi ƙorafi aiki ya tsaya. Sannan yana ciro misalan da ke cikin shafin ya gudanar da su da gaske a kan wata ƙaramar kwamfutar ajiya ta gwaji. Wannan na ƙarshen ya kama min kuskure biyu a mako na farko, ɗaya daga ciki misali ne da na manta ban sa sunan fayil ba.

Na kuma sa ya kwatanta sabon shafi da wanda na adana, don in ga duk abin da ya motsa. Ya yi ta wucewa lafiya har ranar ɗaya ga wata, sai ya faɗi alhali ban taɓa komai ba. An ɗauke wuta a ranar, ina kan batirin da bai fi na awa ɗaya ba, ina ta laluben abin da na ɓata. Ashe help2man tana rubuta wata da shekara a kan shafin, wata ya juya, layin ya sauya. Tana mutunta SOURCE_DATE_EPOCH, saitin da ake ba ta kwanan watan da za ta rubuta, don haka na ɗaure kwanan da ranar gyaran ƙarshe da na yi wa manhajar, magana ta mutu.

To wa zan ce ya ɗauke ta? Wanda ke da ƙaramar manhajar layin umarni, mai zaɓuɓɓukan da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba, kuma saƙon taimakonsa a tsare yake, ya ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta neman intanet. Amma ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ka rubuta. Idan bayanin --maimaita a saƙonka shi ne "maimaita", haka zai fito a jagora, yaron da ke tsaye a shago kuma ba zai san sau nawa ba, ko daƙiƙa nawa ake jira tsakani. Sai da na koma na sake rubuta bayanin zaɓuɓɓuka tara cikin goma sha huɗun kafin shafin ya zama abin da zan iya miƙa wa mutum. Wanda kuma manhajarsa ta girma har kowane zaɓi yana bukatar sakin layi uku da misalai, hanyar curl ta fi dacewa da shi, ko ya rubuta da Markdown ya juya shi zuwa shafin jagora da manhajar pandoc, domin saƙon taimako ba zai ɗauki wannan nauyin ba.

Yanzu shafin yana tafiya tare da manhajar duk inda muka girka ta, a shaguna shida zuwa yau. Takardar da muke bugawa a da na karɓe ta daga hannun yaran. Makon jiya na ƙara sabon zaɓi na rage gudun aikawa, saboda wani shago a Singa da ke raba data ɗaya da na'urar karɓar kuɗi, zaɓin kuma a ƙarƙashi --limit-rate na curl yake kira. Na rubuta misalinsa a fayil ɗin ƙari da sunan da na fara ba shi, na manta na sauya sunan daga baya. Gwajin ya ƙi wucewa, ya nuna min layin, na gyara kafin yaron ya hau adaidaita sahu ya tafi da shi.